Isuhu, Yusuf, Issoufou: Daga ina sunan ya fito, kuma me yake nufi?

A shirin gaishe-gaishe da muke gabatarwa a gidan rediyon karkara kowane daren jajibirin kasuwa, ba kasafai ake kawo mana maganar da ta wuce a gai da wane da wane ba. Amma kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai safarar albasa zuwa ƙetaren iyaka ya bugo waya, kuma daga jin muryarsa muka san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Maiɗakinsa ta sauka, an samu ɗa namiji, saura kwana huɗu suna. Ya riga ya yi wa jaririn huɗuba da sunan mahaifinsa marigayi, wato Isuhu. To, sai wani ƙanensa da ke karatu a birni ya zo barka, ya ce masa ya sake shawara, domin wai Yusuf ba sunan Larabci ba ne, na Ibrananci ne, harshen Yahudawa, kuma bayan abin da kowa ya ga an yi wa mutanen Gaza tun daga watan Oktoba na 2023, bai dace Musulmi ya ɗauko sunan Yahudawa ya liƙa wa ɗansa ba. Nan take gida ya rabu biyu. Tsohuwarsu ta ce muddin aka taɓa sunan mijinta, to kada wanda ya kawo mata goron suna.

Mutumin ya roƙe mu da mu gaya masa gaskiyar magana kafin ya sayi rago. Mun tuntuɓi malamai, mun buɗe littattafai, kuma da yake mun san ba gidansa kaɗai wannan zance ya shiga ba, muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu abin da muka samo. Ƙanen nan ya faɗi gaskiya a rabin farko na maganarsa. A rabi na biyu ne ya yi tuntuɓe.

Addu'ar wata uwa

Asalin sunan a Ibrananci shi ne Yosef. Ya fito ne daga wata kalma mai nufin ƙari, kuma idan za a fassara shi da Hausa kai tsaye sai a ce "ya ƙara", wato Allah ya ƙara. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa karɓar gyara a kan mudun gero ya ce wa mai awo Allah ya ƙara, to ya faɗi ma'anar sunan ba tare da ya sani ba.

Labarin yadda aka raɗa shi yana cikin Littafin Farawa, wanda shi ne na farko a Attaurar da ke hannun Yahudawa da kuma Baibul na Kirista. Bisa ga wannan littafi, Annabi Yakubu (AS) yana da mata mai suna Rahila wadda ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, alhali abokiyar zamanta tana ta haihuwar 'ya'ya maza. Da Allah ya ba ta ɗa, sai ta yi godiya cewa an kawar mata da gorin rashin haihuwa, sannan ta roƙi a ƙara mata wani ɗan. Daga wannan roƙo ne sunan ya fito. Shi ne ɗa na goma sha ɗaya a wurin mahaifinsa, kuma ƙarin da uwar ta roƙa ya zo, shi ne Binyaminu, sai dai littafin ya ce a wurin haihuwarsa ta rasu. Alƙur'ani mai girma bai ambaci sunan uwar ba, bai kuma kawo labarin raɗin sunan ba.

Wannan ɗabi'a ta sa wa yaro suna daga halin da aka haife shi ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Muna da Tanko, namijin da ya biyo bayan mata; muna da Gambo, wanda ya biyo tagwaye; muna da Nomau, wanda aka haifa ana tsakiyar aikin gona. Larabawa ma suna da sunan da ya yi daidai da Yosef a ma'ana, shi ne Yazidu, wato yana ƙaruwa, da kuma ɗan'uwansa Zaidu. Ba abin mamaki ba ne, domin Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne. Inda Balarabe ya ce salam, Ba'ibrane shalom yake cewa. Inda wannan ya ce yaum, wancan ya ce yom. Masana harshe ma sun sa Hausa cikin wannan babban dangi, ko da yake zumuncin namu na nesa ne ƙwarai.

Malaman Larabci sun riga mu sani

Abin da ya fi ba mu mamaki a binciken shi ne, maganar da ƙanen ya kawo a matsayin wani sabon asiri, malaman Musulunci sun rubuta ta tun ɗaruruwan shekaru, ba su kuma ga abin ɓoyewa a cikinta ba. Zamakhshari, wanda ya rasu a shekarar 1144, ya bayyana a tafsirinsa Kashshaf cewa Yusuf sunan Ibrananci ne, ya kuma raunana ra'ayin masu cewa na Larabci ne. Hujjarsa ta nahawu ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurumiyya zai gane ta: sunan ba ya karɓar tanwini, kuma dalilin hana shi shi ne kasancewarsa sunan yanka wanda ba Balarabe ba. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda muke sauraren tafsirinsa na Jalalaini duk watan azumi, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, ya kawo a littafinsa Itƙan cewa Larabawa da kansu suna da hanyoyi shida na furta sunan. Ke nan tun a bakin Larabawa ba lafazi ɗaya gare shi ba, balle a namu.

Akwai masu danganta sunan da kalmar Larabci "asaf", mai nufin baƙin ciki, saboda baƙin cikin da Annabi Yakubu ya sha bayan rabuwa da ɗansa. Kamannin lafazi ne kawai, ba asalin sunan ba ne.

Kuma ba Yusuf kaɗai ba ne. Malaman nahawu sun ce in ban da 'yan kaɗan, irin su Salihu da Shu'aibu da Muhammadu (SAW), sunayen annabawa ba na Larabci ba ne. Ibrahim, Isiyaku, Yakubu, Haruna, Dauda, Sulaimanu, Yunusa, Zakariyya'u, Iliyasu, Ayuba, duk haka suke, akasarinsu kuma ta Ibrananci aka san su tun kafin saukar Alƙur'ani. Da za a ce duk mai ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ya sake suna, to rabin 'yan kasuwar Konni da Illela sai an sake yanka musu rago.

Inda ƙanen ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba shi ne, ya ɗauki annabawan Bani Isra'ila ya cuɗa su da ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948. Annabi Yusuf (AS) yana da sura guda sukutum da sunansa, ita ce ta 12, mai ayoyi 111, kuma an ambaci sunansa sau 27 a Alƙur'ani. A hadisin da Buhari ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yabe shi da karamci, shi da mahaifinsa Yakubu da kakansa Isiyaku da kakan mahaifinsa Ibrahim, jere huɗu na annabawa a gida ɗaya. Shi kuwa Salahuddin, sarkin da ya karɓo birnin Ƙudus daga hannun 'yan Salibiyya a 1187, Salahuddin laƙabinsa ne, sunansa na yanka Yusuf ɗan Ayuba. Hatta a Gaza ɗin da ake magana, asibitin garin Rafah sunan Abu Yusuf Najjar aka sa masa, wani jagoran Falasɗinawa da sojojin Isra'ila suka kashe a Beirut a 1973. Falasɗinawan da abin ya shafa kai tsaye ba su yar da sunan ba.

Ayari, awo da rumbu

A ganinmu, idan akwai masu haƙƙin riƙe wannan suna da hannu biyu, to 'yan kasuwa ne, domin ƙissar mai sunan daga farko har ƙarshe cike take da fatauci. Ayari ne ya tsinto shi a rijiya, lokacin da mai ɗebo musu ruwa ya zura guga. Suka ɓoye shi a matsayin haja, aka sayar da shi da 'yan dirhamomi ƙidayayyu, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Littafin Farawa ya ƙara da cewa fataken Isma'ilawa ne masu raƙuma, ɗauke da ƙaro da kayan ƙanshi za su Masar, kuma azurfa 20 aka biya. Ya ce yana ɗan shekara 17 a lokacin, yana da 30 ya tsaya gaban sarkin Masar, ya rasu yana da 110.

Sai kuma mafarkin sarki: shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai ke cinye su, da zangarniya bakwai ɗanyu da wasu busassu. Fassarar da Annabi Yusuf ya bayar ba ta tsaya ga faɗin abin da zai faru ba, ta zo da shawarar aiki. Ya ce a yi noma shekara bakwai a jere, abin da aka girbe a bar shi a cikin zangarniyarsa, sai ɗan abin da za a ci, domin shekaru bakwai na fari suna tafe. Duk manomin ƙasar nan ya san hikimar wannan magana ba sai an yi masa tafsiri ba. Geron da aka ɗaure dami aka jera a rumbu ya fi wanda aka sussuke aka ɗura a buhu jure wa ƙwari da daɗewa.

Daga nan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi abu biyu da ya dogara da su: iya tsare dukiya da sanin aiki. Da fari ya zo, 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya suka iso Masar neman awo, kowane mutum kayan raƙumi guda. Ya cika musu mudu, ya kuma sa aka mayar musu da hajar da suka biya da ita a cikin kayansu. A nan za mu ɗan karkata. Waɗanda suka ga yunwar 2005, bayan farin ɗango da ƙarancin ruwan 2004, sun tuna cewa a yankunan Maraɗi da Damagaram akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka. Ajiya iri biyu ce: akwai wadda ake yi domin a fitar ranar da jama'a ke bukata, akwai wadda ake yi domin a jira bukatar ta yi tsanani. Ta farko ce ta Annabi Yusuf. Mun san 'yan Isuhu da dama a layin masu hatsi, kowa ya san wadda yake yi.

Har yau a Masar akwai wani babban magudanin ruwa da ke kai ruwan Nilu zuwa yankin Fayyum, sunansa Bahar Yusuf.

Yadda sunan ya zaga duniya

A wurin Yahudawa sunan ya daɗe da farin jini. Wata masaniya mai suna Tal Ilan, wadda ta tattara sunayen Yahudawan Falasɗinu na zamanin da ya kewaye haihuwar Annabi Isa (AS) daga rubuce-rubuce da kaburbura, ta gano cewa Yosef ne na biyu wajen yawa a tsakanin maza, bayan Siman. A Isra'ila ta yau ana taƙaita shi a ce Yossi.

Kirista kuwa suna da Yusufu biyu da suke girmamawa: ɗan Yakubu, da kuma masassaƙin da littafinsu ya ce shi ne mijin Maryamu. Wannan na biyun ne ya cika ƙasashen Katolika da sunan. Suna bikinsa ranar 19 ga Maris, kuma a 1870 Paparoma Pius na tara ya ayyana shi majiɓincin cocin baki ɗaya. Kowace ƙasa sai ta lanƙwasa sunan yadda harshenta ya iya: Joseph a Faransa da Ingila, José a Sifen da Fotugal, Giuseppe a Italiya, Iosif a Rasha. Masu kallon ƙwallo sun daɗe suna kiran Yusufawa ba su sani ba. José Mourinho Yusuf ne. Pep Guardiola sunansa Josep, shi ma Yusuf ne. Sepp Blatter, tsohon shugaban FIFA, Joseph ne. Haka Joe Biden, wanda ya mulki Amurka daga 2021 zuwa 2025, haka kuma Stalin na Tarayyar Sobiyet, wanda halinsa da na mai sunan hannun riga ne.

Akwai ma wanda ya riga ƙanen mai albasa gwada wannan shawara ta yar da suna. Mobutu na Zayar sunansa na farko Joseph-Désiré, sai a 1972 ya jefar da shi ya zama Mobutu Sese Seko, ya kuma tilasta wa 'yan ƙasa su bar sunayen Turawa. Bayan faɗuwarsa a 1997 sunayen suka dawo, kuma a 2001 wani Joseph ɗin, Kabila, ya hau kujerar mulkin ƙasar.

A duniyar Musulmi, ban da Salahuddin, akwai Yusuf bin Tashfin, Basahare ɗan ƙabilar Sanhaja, jagoran Murabiɗai, wanda ya mayar da Marrakesh babban birninsa, ya ƙetara teku ya ci yaƙin Zallaƙa a Andalus a 1086. Mawaƙin Ingila Cat Stevens da ya musulunta a 1977, sunan da ya zaɓa wa kansa Yusuf Islam. A Turkiyya, ƙididdigar hukuma ta nuna cewa Yusuf ya yi shekaru a jere yana kan gaba a sunayen jarirai maza, sai a 2022 sunan Alparslan ya sha gabansa. Fim ɗin Iran na tarihin Annabi Yusuf da ya fito a 2008, wanda aka fassara zuwa harsuna da yawa har da Hausa, shi ma ya ƙara kai ƙissar gidaje, ko da yake malamai da dama sun yi tir da nuna fuskar annabi a majigi.

A bakin Bahaushe

Da sunan ya shigo ƙasar Hausa tare da Musulunci, mu ma sai muka yi masa abin da kowa ya yi. Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, sai ya ƙara wasali, aka samu Yusufu da Yusufa. Mutanen yamma, wato Sakkwato da Katsina da Gobir da Adar da Arewa, waɗanda ke cewa huɗu da hura, sai suka sauya "f" da "h", suka kuma sauke harafin farko, aka samu Isuhu. Baibul na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932 Yusufu ya rubuta, shi ya sa za ka iske Yusufu a masallaci, ka iske Yusufu a coci, wani lokaci gida ɗaya.

Yana da laƙabinsa na gargajiya, Maitama, kamar yadda Umaru ke da Sanda. Shi ya sa aka san Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017, da Yusuf Maitama Sule, haka kuma Yusuf Maitama Tuggar da aka naɗa ministan harkokin wajen Najeriya a 2023. A tarihin Kano sunan ya taɓa zama tutar yaƙi: a Basasar da ta ɓarke a 1893, magoya bayan Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi su ne Yusufawa, suka kara da Tukurawa, kuma ko da Yusufu ya rasu a 1894 kafin a shiga birni, rundunar ta ci gaba da amsa sunansa har Alu Babba ya hau gado.

Abin da baki ya haɗa, biro ya raba

Matsalar da ta fi damun ɗan kasuwar kan iyaka game da wannan suna ba asalinsa ba ne, rubutunsa ne. Akawun da ya yi lakwal a ƙarƙashin Faransanci ya ji Isuhu ya rubuta Issoufou, kamar na tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou da ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021. Wani ya rubuta Issouf, wani Youssouf kamar yadda aka fi yi a Cadi, wani Youssoufa kamar na Kamaru, wani Issifou kamar na Benin da Togo. A Gana za ka ga Issifu da Yussif. A Najeriya kuwa Yusuf ko Yusufu. Mutum ɗaya ne, uwa ɗaya ta haife shi, rago ɗaya aka yanka.

A da wannan bai dami kowa ba, domin jami'in duwan ko jandarma yana kallon fuskarka ya gane kai ne. Yanzu kwamfuta ce ke dubawa, ita kuwa ba ta san Isuhu da Yusuf abu ɗaya ba ne. Tun da aka shigo da lambar BVN a bankunan Najeriya a 2014, aka kuma wajabta haɗa layin waya da lambar NIN daga ƙarshen 2020, harafi guda ya isa ya tsayar da ciniki. Wani abokin aikinmu a gidan rediyo ya yi kwana uku yana zarya a wani ofishin aika kuɗi, saboda ɗan'uwansa da ya turo kuɗin daga Kano ya rubuta Yusuf, shi kuwa katinsa na ɗan ƙasa Issoufou ke jiki. Kuɗin na jinyar mahaifiyarsu ne. Sai da aka mayar da su aka sake turowa, aka kuma sake cire ladan aike.

Saboda haka shawarar da muka ba mai albasa ba ta tsaya ga batun asali ba. Mun ce masa ranar da zai je yin takardar haihuwa, ya tafi da katinsa, ya tsaya a kan akawu har ya ga abin da aka rubuta, in kuma ba ya karatun boko ya tafi da wanda ya iya, domin gyaran harafi ɗaya daga baya sai an bi ta kotu, da kuɗi da ɓata lokaci. Rubutun da aka zaɓa ranar farko shi za a riƙe a makaranta da fasfo da banki. Mai yi maka aike kuma ka tura masa hoton katinka, kada ka faɗa masa suna da baki.

Bayan mako guda mutumin ya sake bugowa. An yi suna lafiya, ƙanen ma shi ya riƙe ƙafar rago. A takardar haihuwa akawu ya fara rubuta Youssouf, sai da uban ya nuna masa katinsa aka mayar da shi Issoufou, daidai da na kakan yaron. Muka tambaye shi yadda ake kiran jaririn a gida, sai ya yi dariya. Shi ba zai iya kiran sunan mahaifinsa gatsau ba, Abba yake cewa. Maijego ma ba ta faɗin sunan surukinta. Ita kuwa tsohuwar da ta tayar da jijiyar wuya a kan sunan, tunda aka yi aurenta ba ta taɓa furta shi ba, Maigida take kiran jikan.